Baba na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuɗi sun ƙare: ina zan nufa a Jos?

Wata 'yar'uwa daga Anguwan Rogo ce ta turo min wannan saƙon, na ɗan gajarce shi:

"Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Babanmu ne ya faɗi wata biyu da suka wuce, hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. Ya kwanta a wani asibitin kuɗi, sai da muka sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen Mama kafin aka sallame mu. Yanzu yana gida, maganin da suka rubuta ya ƙare ba mu sake saya ba, wani mai magani ne ke zuwa yana masa shafe-shafe da hayaƙi, duk zuwa dubu biyar. Ni ce babba, ƙannena maza biyu ɗaya na Abuja ɗaya na Kano, iyakarsu su kira su ce ya jikin Baba. Mijina direban keke ne, yana iya ƙoƙarinsa amma na ga ya fara gajiya. Ana ta cewa akwai taimakon gwamnati da na ƙungiyoyi amma ban san inda ake zuwa ba, kuma wallahi kunyar roƙo nake ji. Ba na barci. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ce. Na karanta saƙonki, kuma duk cikin abubuwan da kika lissafa akwai guda ɗaya da ya tsaya min a rai, shi ne da kika ce maganin ya ƙare ba ku sake saya ba. Dan girman Allah wannan shi ne na farko, kafin maganar gwamnati, kafin ƙannenki, kafin komai. Mutumin da hawan jini ya taɓa kayarwa in ya bar shan magani to ƙofa a buɗe take ga faɗuwa ta biyu, kuma ta biyun sau da yawa ta fi ta farko muni. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye, shansa ake yi kullum, ko ya ji sauƙi ko bai ji ba. Ki nemo takardar sallamar nan da kwalayen maganin da suka ƙare, ko kwalin da ba komai a ciki ne kar ki yar, sunan maganin da ƙarfinsa na jiki. Gobe da safe ki ɗauke su ki tafi asibitin sha-ka-tafi na gwamnati mafi kusa da ku, wanda ake ce wa PHC, in Baba zai iya shiga keke ku tafi tare a auna jininsa, in ba zai iya ba ki je ke kaɗai ki faɗa musu halin da ake ciki. Kar ki shiga kemis ki ce a haɗa miki na hawan jini, kar kuma a ba shi asfirin don wata maƙwabciya ta ce mijinta na sha. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, akwai wadda jini ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai wadda jijiyar ke fashewa jini ya zuba, abin da ke taimakon wannan zai iya cutar da wancan, likita ne kawai da hoton ƙwaƙwalwa ke bambancewa. Haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da muke saya kamar gyaɗa, suna tayar da hawan jini suna wahalar da ƙoda, ki nisanta su da shi.

Maganar mai maganin nan kuwa, ni ba zan ce miki ki bar addu'a ba, a yi wa Baba tofi, a karanta masa Alƙur'ani, wannan ba ya cin kowa ko sisi. Amma dubu biyar duk zuwa, ga hayaƙi a ɗakin tsohon da numfashinsa ma lallaɓawa ake yi, gaskiya ban yarda da shi ba. Wannan kuɗin in an kai shi kantin maganin asibiti zai riƙe shi makonni. Ki samu Mama ku yi magana cikin ladabi, don na san a irin gidajenmu yawanci wata gwaggo ce ko wani kawu ya kawo mai maganin, kuma korarsa sai ya zama kamar an raina su. Ki ce likita ya hana hayaƙi, ba ƙarya kika yi ba, duk likitan da kika tambaya haka zai ce.

Toh yanzu bari mu zo kan tambayarki, ina ake zuwa. Taimako akwai shi, ba yawa ne da shi ba, ba kuma zan yaudare ki in ce komai kyauta ne, amma akwai. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya bin mutum gida, kuma galibi ba a rubuta shi a bango ba, wanda ya buɗe baki ya tambaya shi ake nuna wa ƙofa.

A wannan PHC ɗin da na ce ki je, bayan an gama awon jini kar ki tashi ki tafi. Ki nemi ganin in-caji, wato shugabar cibiyar, ki tambaye ta abu biyu. Na farko, ko cibiyar tasu na cikin tsarin BHCPF. Wannan wani asusu ne da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ana ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, manufar ita ce a samu cibiya ɗaya a kowace mazaɓa inda za a yi wa marasa ƙarfi rajista su riƙa samun kulawar matakin farko ba tare da sun biya ba, wato masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da talakawa tuburan. Kin ga Baba ya shiga ta hanya fiye da ɗaya. A nan Filato hukumar da ke riƙe da rajistar ita ce PLASCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Gurbi ƙayyadadde ne, ba kullum ake ɗaukar sababbi ba, za a iya ce miki ya cika, in an ce haka ki roƙa a rubuta sunansa da lambar wayarki, ki kuma tambayi wane ne shugaban kwamitin mazaɓa da ke kula da asibitin, don kowace irin wannan cibiya tana da kwamitin mutanen unguwa kuma da su da mai unguwa ake tantance mabuƙata. Ki tafi da lambar NIN ta Baba, in ba shi da ita to wannan ma aiki ne da za a sa a gaba, don kusan duk rajistar gwamnati yanzu sai da ita. Ko gurbin kyautar bai samu ba, PLASCHEMA na da tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa inda ake biyan kuɗi sau ɗaya na shekara, ki je ofishinsu da kanki ki ji nawa ne, ki kuma tambaya ɓaro-ɓaro me ya ƙunsa me bai ƙunsa ba, akwai maganin hawan jini a ciki, akwai gashin ƙashi, sai bayan kwana nawa katin ke fara aiki. Inshora ba ta ɗaukar komai da komai, gara ki sani tun farko da ki je ki sha mamaki a gaban kashiya. Tun 2022 da aka sa hannu a dokar NHIA inshorar lafiya ta zama wajibi ga kowane ɗan ƙasa a takarda, amma a unguwanninmu mutum nawa ne ma suka ji labarin.

Abu na biyu da za ki nema a wurin in-cajin shi ne takardar tura mara lafiya zuwa babban asibiti, rifaral. Baba na buƙatar likitan da zai riƙa bibiyarsa a kilinik duk bayan 'yan makonni, kuma yana buƙatar fisiyo, masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai. Akwai su a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, akwai a Asibitin Ƙwararru na Filato da ke cikin gari wanda zai fi muku sauƙin kuɗin mota, ga kuma asibitin Jankwano. Ina jaddada fisiyon nan ne don lokaci na tafiya, mafi yawan ƙarfin da mai shanyewar jiki ke dawowa da shi a watanni uku zuwa shida na farko yake samunsa, ku kuma har kun ci biyu. Bayan nan ma ana samun ci gaba amma a hankali. In kuɗin zuwa kowane mako ya fi ƙarfinku ki faɗa wa mai fisiyon gaskiya, ki ce ya koya miki abin da za ki riƙa yi masa a gida, yadda ake miƙe hannu da yatsu, yadda ake zaunar da shi a bakin gado, yadda ake tayar da shi, ki ɗauka a bidiyo da wayarki in ya yarda, sai ku riƙa komawa jefi-jefi a duba. Abu ɗaya da zan ce ki kiyaye tun yau, kar kowa ya ɗaga Baba ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa ta bar shi da ciwo na dindindin, ta ƙugu da ƙirji ake tallafarsa.

Sai ofishin da na fi son ki sani, wanda mutane da yawa ke wucewa ta gabansa ba su san aikinsa ba. A manyan asibitocin gwamnati akwai sashen jin daɗin marasa lafiya, soshal walfiya ake ce masa, ki tambayi kowace nas za ta nuna miki. Aikinsu ke nan, zama da iyalan da kuɗin magani ya fi ƙarfinsu. Za su tambaye ki sana'arki, wa ke ciyar da gidan, 'ya'ya nawa Baba ya haifa, me suke yi, me kuka riga kuka sayar, wani sa'in ma su zo su ga gidan. In sun gamsu sukan rubuta wa hukumar asibiti a yi ragi ko a ba da damar biya kaɗan-kaɗan, kuma su ne suka san masu hannu da shuni da ƙungiyoyin da ke zuwa asibiti su biya wa marasa ƙarfi, musamman da azumi da lokacin Kirsimeti, in irin waɗannan suka zo sunayen da ke teburin wannan ofishin ake miƙa musu. Ba alkawari nake miki cewa za a yafe komai ba. Amma wanda sunansa ba ya wurin ko ragin ba zai gani ba. In kin shiga kar ki yi irin namu na "Alhamdulillah muna lallaɓawa", a wannan ɗakin ba a lallaɓawa, ki ce na sayar da keken da nake ci da shi, magani ya yanke wata guda, ga rasit. Shi ya sa nake so ki samu jaka ɗaya ko fayil ki tara komai, katin asibiti, takardar sallama, sakamakon gwaji, rasit ɗin da kuka biya, kwafin NIN, hoton fasfo na Baba guda huɗu ko biyar, da ɗan littafi da za ki riƙa rubuta awon jininsa da kwanan wata da sunan duk jami'in da kika yi magana da shi da abin da ya ce miki. Mai takarda a hannu daban ake kallonsa. In kuma wani ya wulaƙanta ki ko ya nemi na goro kafin ya yi aikinsa, asibitocin tarayya na da teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi. Ki kuma sani dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta ce a ba su fifiko a layi, don haka in kin zo da Baba a keken guragu ba laifi ba ne ki ce a duba shi da wuri.

Tunda na ambaci keken guragu, jiharmu na da hukumar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ga kuma ma'aikatar mata da walwalar jama'a, ga sashen walwala a sakatariyar Jos ta Arewa. Ki rubuta takardar neman keke da sunan Baba ki haɗa da rahoton likita ki kai, ki riƙe kwafi. Wannan hanyar tana da jinkiri, kar ki zauna jiranta, ki cigiya a unguwa, sau da yawa akwai gidan da aka yi jinya aka gama keken na jingine a sito.

Kar kuma ki tsaya a gwamnati kaɗai. Garin nan tun rikicin 2001 muka rarrabu, kowa ya san unguwar da yake shiga da wadda yake ɗari-ɗari, har wasu na jin nauyin zuwa asibitin mishan. Ni dai abin da na sani, Jankwano da OLA da Faith Alive Musulmi da Kirista duk suna layi ɗaya a can, kuma Faith Alive an san su da duba marasa ƙarfi, ki je ki tambayi me suke yi wa mai hawan jini. Ta ɓangarenmu kuma ga 'yan agajin Izala da na Jama'atu Nasril Islam, ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, ga masallacin da Baba ya yi shekaru yana sallah a sahun gaba. Limamin ya san halin da ake ciki kuwa? Ba "Baba ba lafiya" ba, wannan kowa ya sani, ya san magani ya yanke? Ki tura mijinki ko wani dattijo ya same shi a keɓe.

Nan ne zan taɓa maganar kunyar da kika ce. Na fahimce ki ƙwarai, mace mai sana'arta wadda ba ta saba miƙa hannu ba, abin da ciwo. Amma ki duba aya ta 60 a Suratut Tauba, cikin rukunin mutane takwas da Allah ya ce a ba zakka akwai faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Haƙƙi ne aka ajiye wa irin halin da kuke ciki. Kuɗin BHCPF kuwa dukiyar ƙasa ce, Baba ma na da rabo a ciki. Inda nake so kunyarki ta yi aiki shi ne wurin hoto, za a samu masu ce miki a ɗauki Baba a kwance a sa a Facebook da lambar akawu. Baba na da hankalinsa ko da magana na masa wuya, a tambaye shi, in bai so ba a bari, hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa. Kuma ki yi hattara da masu kira ko turo saƙo wai an zaɓe ku a tallafi, a turo kuɗin fom ko BVN ko lambar da banki ya turo a waya. Duk wanda ya nemi wannan ɓarawo ne, ki kashe wayarki.

Su kuma ƙannenki, ban ce ki yi faɗa da su ba, amma ina ganin kin sauƙaƙa musu da yawa. Wanda ke nesa in ya ce ya jikin Baba aka ce da sauƙi, shikenan ya sauke nauyi ya kwanta barci. Ki zauna ki rubuta abin da jinyar ke ci a wata, magani kaza, famfas kaza, kuɗin keke zuwa fisiyo kaza, abinci kaza, ki buɗe gurup na WhatsApp ku uku da wani kawu ko baffa da suke jin nauyinsa, ki tura lissafin da hoton rasit, ki ce wanne kowa zai ɗauka. Kar ki ce ku taimaka da abin da ya sawwaƙa, ki ce kai magani naka ne duk ranar ɗaya ga wata, kai kuma fisiyo. Wanda ya ce ba shi da kuɗi to ya zo ya yi mako ɗaya ya karɓe ki, wankan Baba da kai shi bayi ma ai ɗa namiji ya fi dacewa da shi, shi kansa Baban zai fi sakewa. Mijinki kuma ki gode masa da baki, ki nuna masa wannan tsarin ya ga cewa ba a kansa kaɗai abin zai ƙare ba, gajiyar tasa ina zaton ta rashin ganin ƙarshen abin ce.

Kafin duk waɗannan su kankama ga abin da ke hannunki a gida. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu in ba ya iya juyawa da kansa, ki riƙa duba ƙugunsa da bayansa da diddige, in kin ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu ba ya washewa to gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, kuma in ya fito jinyarsa ta fi ta shanyewar cin kuɗi. Kar a ba shi abinci ko ruwa a kwance, a zaunar da shi sosai, cokali kaɗan-kaɗan, in yana ƙwarewa ko tari duk sanda ya sha ruwa ki faɗa wa likita don abin na iya gangarawa huhu. A rage gishiri da dunƙule da kanwa a miyarsa. Ga sanyin Jos kuma, na san za a so a sa masa gawayi a ɗaki, kar a kwana da garwashi a ɗaki rufe, iskarsa na kashewa ba wari ba hayaƙi, a ƙara masa bargo da safa da hula. In kin ga yana yawan kuka ko ya ƙi abinci ya ƙi magana da kowa, ba taurin kai ba ne, ciwon damuwa na yawan biyo bayan wannan lalurar kuma ana maganinsa, ki ambata a kilinik. Ku riƙa fito da shi tsakar gida ya sha hantsi, abokansa su zo a yi hira a gabansa ko bai tanka ba.

In kuwa, Allah ya kiyaye, kika ga bakinsa ya sake karkacewa, ko ɗaya ɓarin ya saki, ko maganar ta ɗauke gaba ɗaya, ko ya yi wani irin barci ba ya farkawa, kar a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, kar a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi sai sashen gaggawa na babban asibiti. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa 112, amma ga keken mijinki a ƙofar gida, shi ya fi sauri. Dokar 2014 ɗin nan ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ki riƙe wannan a ranki ko da aljihunki ba komai a ranar.

Ke kuma da kika ce ba kya barci, gobe in an gama auna Baba ki miƙa naki hannun a auna, hawan jini na bin gida, Mama ma a auna ta. Ki faɗa wa ma'aikaciyar cewa barci ya ƙaurace miki, kar ki sayi maganin barci a kemis. Ki nemi wadda za ta riƙa karɓarki ko yini ɗaya a mako, ƙanwar Mama ko wata 'yar'uwa, ki je gidanki ki rufe ƙofa ki kwanta. Kuma cikin lissafin da za ki tura wa ƙannenki ki sa kuɗin keken ɗinki, ko na hannu ne, a jinyar mahaifinku gaba ɗaya ya tafi, kuma da shi ne za ki riƙa samun na cefane kina zaune kusa da Baba. Ki rubuto min bayan kin je PHC ɗin in ji me in-cajin ta ce game da rajistar. Allah ya tashi kafaɗun Baba, ya saka miki da alheri.